Bikon Sarkin Dako

Ni dai ban shiga sandika, ƙungiyarmu ta 'yan dako, don kishin kowa ba. An naɗa ni sakatare ne saboda a duk tashar Tanout ni kaɗai ne mai ɗaukar buhu da ya taɓa zama lakol, makarantar boko, har aji shida, kuma ina da bik na rubutu a aljihu. Ranar zaɓen ma ban je taron ba. Ina bayan mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, ina sharar barci aka tashe ni, aka ce in zo in rubuta cewa an zaɓe ni.

Mangazar ta wani Alhaji ce, babban ɗan kasuwar hatsi. Da kaka ƙananan motocinsa ke zagaya kasuwannin Gangara da Ollelewa da Falanko suna kwaso hatsi da wake, mu sauke mu jera, in kamiyo, manyan motocin kaya masu zuwa Agadas, sun iso mu sake lodawa. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi tsakani da Allah. Baki ne da shi, ga saurin hawa, kuma buhunansa ba sa ƙoshi. Yakan sa a ɗura buhu har bakin ya ƙi haɗuwa, sannan a ɗora wani ƙyalle a sama a ɗinke. Mu hula muke ce wa wannan ƙarin. Mun sha kai masa kuka a kan hular nan, da kuma lodin tsakar rana lokacin da ƙarfen mota ke ƙona tafin hannu. Amsarsa kullum ɗaya ce, wai mu 'yan zamani ragwaye ne, shayi ya cinye mana ƙashin baya.

Sarkin dakonmu wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba. Shi da Alhaji 'yan ƙauye ɗaya ne a wajen Gangara, tare aka yi musu kaciya, kuma tun Alhaji na fataucin hatsi da jaki ɗaya tal Baba ke ɗora masa kaya. Ya tsufa, kowa ya sani. Gwiwarsa ta hagu har ƙara take yi in ya hau katakon da muke takawa mu shiga mota. Mukan yi dabara mu tura masa buhunan da ba su da hula, shi kuma ya yi kamar bai gane ba.

Wata ranar kasuwa Alhaji na zaune kan tabarma a ƙofar mangaza da baƙinsa, wasu Buzaye da suka zo sarin hatsi daga arewa, ana ta shayi. Ban san abin da ya shiga kan Baba ba, wataƙila ganin baƙi ne, ya tsallake buhun da muka ware masa ya sungumi mai hula. A tsakiyar katako gwiwar ta ci amanarsa. Buhu ya faɗo ya fashe, hatsi ya watsu cikin rairayi, awakin tasha suka rugo kamar an gayyace su. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi dariya a bayan rawaninsa. Sai Alhaji ya miƙe tsaye, ya nuna Baba da carbi.

"Kai tsoho, ka ƙare. Tafi gida ka yi renon jikoki. Kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar mangazata."

Baba ya tashi, ya kakkaɓe wandonsa. Ya bi ta tsakiyar kasuwa yana ɗingishi, kowa na kallonsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban kira taro ba, ban rubuta komai ba, kawai na ga mutanenmu suna ajiye buhu ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar duk mun koma inuwar dogon yaron da ke bakin tasha mun zauna, yajin aiki ya fara.

A gindin itacen nan akwai wata mai sayar da shinkafa da wake, bazawara, wadda bakinta ya fi yajin da take barbaɗawa zafi. Rana ta uku, Baba ya fito daga gida ya zo ya zauna cikinmu, sai ta dube mu ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah, ƙatti da gemu sun yi yaji. To ku faɗa mini, wa zai zo bikonku? Ko da ƙafarku za ku koma, kamar matar da mijinta bai ma lura ta fita ba?"

Muka kwashe da dariya, har wani ya ƙware. Baba kaɗai bai yi ba. Sai ya ce, "Yarinyar nan ta fi ku hankali. Sakatare, rubuta. Ba ni komawa sai ya zo biko na har gida."

Ni kuwa na san biko, ba labari aka ba ni ba. Sau biyu matata na yin fushi ta tattara ta tafi gidansu a Ollelewa, sau biyu ina bin ta da goro, in tuɓe takalmi in zauna a ƙasa a zauren surukina, yana wanke ni tas, kajin gidan na leƙowa suna kallona. Da na hango Alhaji da babbar rigarsa a irin wannan zama, daɗi ya kama ni har cikin ciki. Ban tsaya tunanin abin da Baba ke nufi ba, ni dai na samu abin wasa.

Na zauna na rubuta takardar koke da Faransanci, don a kai wa hukuma kamar yadda doka ta ce. A cire wa buhu hula. A ba mu hutu in rana ta take. Kada a ƙara korar ɗan dako ba a zauna da sandika ba. Da na zo kan na huɗu sai Faransancina ya ƙare. Na tauna gindin bik har ya fashe, ban tuna malaminmu ya taɓa koya mana yadda Nasara ke cewa biko ba. Na rubuta muna neman Biko, na sa masa babban baƙi saboda muhimmancinsa.

Takardar ta faɗa hannun wani jami'i sabon zuwa, mutumin yamma ne daga bakin kogi, Hausarsa ta cefane ce. Washegari sai ga jandarma a tasha yana tambaya wane ne Biko, kuma wa ya tsare shi. Jandarman ma ba ɗan nan ba ne. Mai shinkafa ta karɓe zancen kafin kowa, fuskarta ba alamar wasa.

"Ranka ya daɗe, bai iso ba tukuna. Mu ma shi muke jira."

Aka kira ni biro, ofishin hukuma. Jami'in ya ɗora yatsa kan kalmar, ya ce in gaya masa ɗan wane gari ne wannan Biko da har za a tsayar da lodin hatsin arewa dominsa. Na tattaro ragowar Faransancina na shiga bayani: in madam ta yi fushi ta tafi gidan ubanta, mijin ya bi ta da goro ya ba da haƙuri. Ya cire tabarau ya dube ni. Can ya tambaye ni, cikin natsuwa, ko ina nufin tsohon nan matar Alhaji ne. Na ce a'a. Ya ce to wannan ta fi ƙarfinsa, zai kira sufeton ƙwadago daga Damagaram.

Sufeton ya iso bayan kwana biyu a motar haya, da 'yar jakarsa a hammata. Siririn Bafillace ne mai sanyin magana, muna ce masa Mushe kamar yadda ake ce wa duk mai biro. Alhaji kuma Babarbare ne, kuma kowa a ƙasar nan ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari: su zagi juna son ransu, ba mai ikon yin fushi. Da aka haɗa mu a ɗaki ɗaya, ni a madadin sandika, Alhaji a madadin kansa, Mushe a madadin gwamnati, sai ya dubi Alhaji sama da ƙasa.

"A'a, ashe bawana ne ya tayar da hankalin gari."

Alhaji ya ce, "Gwamnati ta rasa wanda za ta aiko sai mai bin gindin saniya?"

Shekara da shekaru ina ɗaukar buhun mutumin nan, ban taɓa ganin an yi masa magana haka ya yi murmushi ba. Na gyara zama.

Mushe ya karanta takardata tun daga ƙasa. Da ya ambaci biko, Alhaji ya zabura ya ce wallahi ko matansa bai taɓa zuwa bikonsu da kansa ba, ƙaninsa yake aikawa, balle ƙato mai furfura. Mushe ya ce to a ajiye wannan, a yi zancen hula. Alhaji ya ce hula ba ta ciruwa, haka ya gaji sana'ar. Mushe ya ce ba laifi, mu koma kan biko. Nan take hula ta ciru. Aka zo kan hutun rana, Alhaji ya ce direbobi ba za su jira ba. Mushe ya lashi yatsa zai juya takarda baya, Alhaji ya ce a rubuta hutu daga azahar. Abin da muka yi shekaru muna roƙo, kalmar mai shinkafa ta karɓo mana shi kafin shayi ya huce. Na riƙa cizon leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini a gaban hukuma.

Da aka tashi, Mushe ya ja ni gefe. Ya ce, "Sakatare, ka ji gaskiya. Abu ukun nan zan buga musu kashe, hatimin hukuma, su zama doka tsakaninku. Na huɗun doka ba ta san shi ba, ba ni da ikon tilasta kowa. Alhaji ya yarda tsohon ya dawo aiki, zai aika a gaya masa. Mutanenka kuma tukwanen gidajensu sun fara sanyi. Ka yi tunani."

Ba sai na yi tunani ba, na riga na yarda a zuciyata. Na ga mun ci riba, na ga sunana zai fito a matsayin sakataren da ya cire wa buhu hula. Na nufi gidan Baba ina tafe ina tsara yadda zan ba shi labari. Na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya. Ya saurare ni har na gama, da kwaikwayon muryar Alhaji da komai, hannunsa bai tsaya ba.

"Madalla, ɗana. Ku koma aiki gobe, kun samu abin da kuke nema."

Na ce, "Kai fa, Baba? Ai an ce ka dawo."

"A gaban mutane aka kore ni, har da baƙi. Ɗan aike ba ya wanke wannan. Tun ranar ban shiga masallacin kasuwa ba, a ɗaka nake salla."

Kunya ta rufe ni. Kwana da kwanaki ina yawo da maganar biko ina ba mutane dariya, ashe shi mutumin da ya faɗe ta ko sahun salla ya kasa shiga. Na tashi ban ko yi masa sallamar kirki ba.

Na koma inuwar dogon yaro na faɗa wa mutanenmu yadda muka yi. Wasu suka yi gunaguni, don yunwa ba ta san sarkin dako ba, amma ba wanda ya ce a koma. Na je na samu Mushe na gaya masa abin da Baba ya ce, na ce sandika ba za ta sa hannu ba. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya rufe kayensa, littafin da yake rubutu a ciki, ya mayar da bik aljihu, ya ce, "To, aikin gwamnati ya tsaya nan. Saura na ubangida da bawansa."

Abin da ya yi, har yau in na tuna sai na dara. Ya ɗauki jakarsa daga masaukin baƙi ya tare a zauren Alhaji. Ya ce ba inda za shi sai an je biko, kuma shi ne ɗan rakiya. A al'ada Alhaji ba shi da ikon korar abokin wasa daga gidansa. Mushe ya shimfiɗa tabarma a inda Alhaji ke karɓar baƙi, ya sa a kawo masa fura, ya kurɓa ya ce nonon tsarki ne, duk ruwa, Barebari ba su san nono ba, a sake. Aka yanka masa kaza ya ce ta rame kamar mai gidan. Duk wanda ya shigo gaida Alhaji sai Mushe ya tare shi ya ce a yi masa addu'a, iyalinsa sun yi yaji ya kasa biko. A can tasha kuma kamiyo sun yi layi, direbobi na ta zage-zage.

Wani maƙwabcin Alhaji ya ba ni labarin abin da ya karya shi a rana ta biyu. Wai Alhaji ya ce, "Ni in je bikon namiji, gari ya yi da ni?" Mushe ya ajiye wasa ya ce masa, "Gari ya riga ya yi da kai tun ranar da ka kore shi. Ka san a ɗaka yake salla?" Alhaji bai sani ba. Ya tashi ya shiga cikin gida, da ya fito ya aika a sayo goro.

Bayan la'asar aka tafi, rabin tasha na biye. Tun da sandika ce iyayen mai yaji, ni ne suruki. Kujera ɗaya ce a zauren Baba, na riga kowa hawanta, na harɗe ƙafa. Alhaji ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya tattare babbar riga ya zauna kan tabarma a gabana, Mushe a gefensa riƙe da ƙullin goro. Allah ya yafe mini, na ji daɗin zaman nan. Na aro muryar surukina ta Ollelewa, har da gyaran murya.

"To, bayin Allah, me ke tafe da ku?"

Mushe ya ce, "Biko muka zo. Yaron nan ya yi kuskure."

Na ce, "Mun ba shi amana lafiya lau, da ƙafa biyu, ya mayar mana da ita tana ɗingishi. Haka ake riƙo a gidanku?"

Mutanen da suka cika ƙofa suka riƙa toshe baki da hula. Mai shinkafa har da zama a ƙasa. Alhaji ya zuba mini ido irin na za mu haɗu, amma ya haɗiye. Aka aika ciki a kira Baba, ya ce ba ya fitowa. Aka sake aikawa, ya ce yana hutawa. Duk muka ɗauka ya shiga wasan ne, ya iya jan aji.

A kira na uku ya fito, cikin farar riga wankakkiya, ya tsaya a bakin ƙofar cikin gida ya dafa bango. Da muka ga fuskarsa dariya ta mutu, don shi ba wasa ya fito yi ba. Alhaji ya ɗaga kai ya dube shi, ya kira shi da wani suna na yarinta da ba wanda ya taɓa ji a cikinmu. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Kunyar baƙi ce ta kama ni, na huce a kanka. Ban kyauta ba. Ka yafe ni."

Baba ya ce, "Ban ji ba. Waccan da ƙarfi ka faɗe ta."

Alhaji ya miƙe tsaye, ya juya ya fuskanci mutanen da ke ƙofa, ya maimaita da irin muryar da yake kiran direba daga ƙarshen tasha. Baba ya ce ya yafe duniya da lahira, ya miƙa hannu ya karɓi goro. Ni kuwa na zame daga kan kujerar nan a hankali na koma ƙasa, ina fatan ba wanda ya lura. Da aka kira magariba su biyun suka tafi masallacin kasuwa tare, Alhaji na rage sauri saboda gwiwar.

Da safe aka fito da tebur ƙofar mangaza. Alhaji ya sa hannu, na sa, Mushe ya hura wa kashe iska ya buga. Aka buɗe ƙofa, aka jingina katako, kamiyon farko ya ja da baya. Baba ya iso cikin kayan aiki. Mun riga mun ware masa wani ɗan buhun wake a gefe, ya wuce shi ko kallo bai yi ba, ya nuna cikakken buhun hatsi ya ce a ɗora masa. Na buɗe baki zan yi magana, ya harare ni, na rufe.

Aka ɗora masa. Ya taka katako, taki ɗaya, ya tsaya, ya sake takawa. Ina jin ƙarar gwiwar daga inda nake. Alhaji ya juya baya yana jan carbi da sauri, ya kasa kallo. Baba ya kai sama, ya sauke buhun a cikin mota, ya gyara masa zama da ƙafa yadda ya koya mana duka, sannan ya sauko a hankali yana haki. Ya nufi tebur.

"Mushe, kayenka na kusa? Rubuta. Yau na bar dako. Ni na bari da kaina, ba wanda ya kore ni."

Mushe ya dube shi, ya buɗe kaye ya rubuta. Alhaji ya juyo baki buɗe.

"Haba. Duk wannan tashin hankali, ka hana ni lodi kwana da kwanaki, ka zaunar da ni gaban wannan ɗan banzan sakatare, don buhu ɗaya?"

"Don buhu ɗaya," in ji Baba. Ya ɗauki takalmansa ya rataya a yatsa. "Wannan karon kada ka wahalar da kanka, ba sai ka zo biko ba."

Alhaji ya fara dariya, sai kuma ya ja hannun babbar riga ya rufe fuska. Ni ma idona ya cika, na sunkuya na ce a ɗora mini buhu don kada a gani. Muka ci gaba da lodi har motar ta cika.